An Buɗe Masa Ƙofar Gidan Yari, Wa Zai Buɗe Masa Ta Gida?

 

A watan Nuwamba na 2023, Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Tarayya, ƙarƙashin Minista Olubunmi Tunji-Ojo, ta ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 waɗanda rashin kuɗin tara ne ya riƙe su a gidajen gyaran hali, bayan an tara Naira miliyan 585 an biya musu. Irin wannan alheri ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk shekara, musamman cikin Ramadan da gabanin Salla, mukan ji attajirai da ƙungiyoyin addini sun biya wa ɗaurarru tara, mukan ji gwamna ya yi afuwa, ko Babban Jojin jiha ya zaga gidajen yari ya sallami waɗanda zamansu ya wuce ƙima. Muna roƙon Allah Ya saka wa kowa da alheri. Sai dai labarin yakan ƙare ne a bakin ƙofa, inda ake ɗaukar hoto. Abin da ke faruwa da wanda aka saka bayan magaribar wannan rana, ba kasafai ake tambaya ba.

Mai lafiya da aka sallama daga gidan gyaran hali na Funtuwa ko na Malumfashi zai nemi mota ya nufi Kafur, ya sauka Gozaki ko wani ƙauye na kewaye. Zai sha kunya da tsegumi na ɗan lokaci, amma kafin damina ta zagayo ya kama fartanya ko ya shiga ƙodago. Akwai kuma wasu mutane iri biyu da wannan hanya ba ta buɗe musu ba, kuma su ne abin da wannan sharhi ya sa a gaba.

Na farko shi ne mai taɓin hankali: wanda ciwo ke taso masa ya lafa, yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko yana zargin kowa da ƙulla masa sharri, ko baƙin ciki ya danne shi har ya daina ci da magana. Wannan ciwo ne, kuma yana da magani. Na biyu shi ne mai raunin fahimta tun daga ƙuruciya, wanda jikinsa ya girma amma ganewarsa ta tsaya a ta yaro. Malaman fiƙihu sun bambanta su tun da daɗewa, suka kira na farko majnuni, na biyu ma'atuhi. Shi na biyun ƙwaya ko allura ba ta sauya halittarsa. Abin da yake bukata shi ne mai kula da shi, mai yi masa jagora a ciniki da mu'amala.

Yadda suke shiga, da yadda suke komawa

Da yawa daga cikin irin waɗannan bayin Allah ba manyan laifuka ne suke kai su gidan yari ba. Wani ya ɗauki akuyar da ba tasa ba yana ganin tasa ce. Wani ya yi dambe a kasuwa lokacin da ciwon ya motsa. Shi kuwa mai raunin fahimta, shi ne wanda ɓata-gari suka fi so: a ba shi ƙunshi ya kai wani wuri, a ba shi babur ɗin sata ya tura, idan asiri ya tonu shi ake kamawa da kaya a hannu. In aka tsananta masa tambaya, sai ya amsa abin da bai aikata ba don a ƙyale shi. Ba ya gane tuhuma, balle ya nemi lauya. Kusan biyu cikin uku na mazauna gidajen yarin Nijeriya masu jiran shari'a ne, kuma wanda ba shi da mai tsaya masa a beli shi ya fi daɗewa a wannan jira.

Ranar da ya fito, abubuwa uku ne suke yanke masa lokaci guda. Wurin kwana, domin wataƙila an ba ƙaninsa shagon da yake kwana ya yi aure a ciki, ko matan gida sun ce ba za su zauna da shi ba. Abinci, domin duk lalacewar abincin gidan yari yana zuwa a kan lokaci. Sai magani, in ma yana samu a can. Likitoci sun tabbatar da cewa yanke maganin taɓin hankali yana daga manyan abubuwan da ke dawo da ciwon, kuma rashin barci da yunwa da shaye-shaye suna ƙara rura shi. Wanda ya kwana uku a rumfar kasuwa ko a tasha, yara na jifansa, masu sayar da ƙwaya na kiransa, ba a jima ba zai sake aikata abin da zai mayar da shi inda ya fito. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da kare an sayi biri.

A yankinmu akwai haɗarin da ya fi komawa gidan yari muni. Shekarun da aka kwashe ana fama da 'yan bindiga a Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa da Dandume, har matsalar ta taɓa Bakori da Malumfashi, sun sa kowane ƙauye yana kallon baƙuwar fuska da ido biyu. Mutumin da aka gani yana ratsa gonakin masara da yamma, aka tambaye shi daga ina ya kasa bayani, aka kuma ji cewa bai daɗe da fitowa daga gidan yari ba, yana iya rasa ransa kafin a sami wanda ya san shi. Idan mace ce, musibar wata iri ce: mun san yadda marasa tsoron Allah suke yi wa mata masu taɓin hankali, har a gan su da goyon da ba a san ubansa ba.

Abin da doka ta tanada

Dokokin ƙasa sun ɗan matsa gaba a 'yan shekarun nan. A watan Agusta na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu kan dokar da ta mayar da Hukumar Gidajen Yari zuwa Hukumar Gyaran Hali. Dokar ta tanadi hukuncin da ba na tsarewa ba, ciki har da yi wa al'umma aiki, da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka zalunta, da kuma sakin talala, wato a bar fursuna ya ƙarasa wa'adinsa a gida bisa sharuɗɗa, jami'i na sa masa ido. A farkon wannan shekarar ne kuma aka sanya hannu kan dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci. A watan Janairu na 2023 aka sanar da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. A watan Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki, aka ba jihohi ikon shiga harkar gidajen gyaran hali, wadda a da ta Tarayya ce ita kaɗai.

Amma a lura da sakin talala da kyau. Tsari ne da ya dogara kan sanannen mazauni, da mutumin da zai ce ya ji ya gani, da kiyaye ranakun da aka ce a kai kai gaban jami'i. Wanda danginsa suka guje shi ba shi da mazaunin da zai ambata. Wanda bai san bambancin Litinin da Alhamis ba zai saɓa sharaɗi ba da niyya ba. Sakamakon haka, wanda ya fi kowa bukatar wannan rangwame shi ne ya fi kowa nisa da samunsa. Doka tana iya buɗe ƙofa, amma ba ta da ɗaki a Gozaki. Ɗakin yana hannunmu.

Abin da Shari'a ta ɗora mana

Musulunci bai bar wannan babi a buɗe ba. Hadisin da Abu Dawuda da wasunsa suka ruwaito ya tabbatar da cewa ba a rubuta laifi a kan wanda hankalinsa ya gushe har sai ya dawo. Da wannan ne Sayyidina Aliyu ya tunatar da Sayyidina Umar lokacin da aka kawo wata mace mai taɓin hankali za a tsayar mata da haddi, Umar kuwa ya sallame ta. A Suratun Nisa'i, aya ta 5, Allah Ya hana a damƙa dukiya a hannun waɗanda ba su iya sarrafa ta ba, amma a cikin ayar nan dai Ya yi umarni da a ciyar da su, a tufatar da su, a kuma yi musu magana mai daɗi. Mu mun riƙe rabin farko, mun karɓe gonar gado da sunan tsare ta, mun manta rabi na biyu.

Muslim ya ruwaito daga Anas cewa wata mace da ke da matsala a hankalinta ta tare Annabi (SAW) da wata bukata. Bai kore ta ba, bai kuma tura ta wurin wani ba. Ya kira ta da alkunyarta, ya bar ta ta zaɓi hanyar da take so su tsaya, ya saurare ta har ta gama. Akwai kuma sahabin da ake yawan cuta a ciniki saboda rauni a fahimtarsa. Annabi (SAW) bai hana shi shiga kasuwa ba, sai ya koya masa ya riƙa gindaya sharaɗin cewa babu yaudara. A nan akwai darasi babba: ana kare mai rauni ne a tsakiyar jama'a, yana saye yana sayarwa, ba tare da an ware shi ba. Game da wanda aka riga aka hukunta kuwa, Buhari ya ruwaito cewa da wasu suka yi wa wani mashayi mummunar addu'a bayan an yi masa bulala, Annabi (SAW) ya hana su, ya nuna musu cewa yin haka taimakon Shaiɗan ne a kan ɗan'uwansu.

To, a wuyan wa nauyin yake? A mazhabar Malikiyya da muke bi, ciyar da ɗa namiji yana sauka daga kan uba idan ɗan ya balaga da lafiyarsa. Idan kuwa ya balaga da hauka ko wata nakasa da ta hana shi nema, ciyarwar tana nan a kan uban. Wanda ya balaga lafiya lau sannan ciwo ya same shi daga baya, mashhurin zance shi ne wajibcin ba ya komawa kan uba, kuma mazhabar ba ta tilasta wa ɗan'uwa ciyar da ɗan'uwansa ta hanyar alƙali. Kada wani ya ɗauki wannan a matsayin mafita. Ma'anarsa ita ce, idan babu wanda za a tilasta wa a cikin dangi, nauyin ya koma kan baitulmali, idan baitulmali bai yi ba ya zama farilla ta kifaya a kan Musulmin garin. In wasu suka yi, ya sauka daga kan kowa. In ba wanda ya yi, duk wanda ya sani kuma yake da iko yana da kason zunubi. Haƙƙin zumunci kuma yana nan daram a kan dangi, ko alƙali bai kira su ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

An taɓa yi, kuma ya yiwu

Masallacin Madina kansa ya kasance masaukin waɗanda ba su da gida. Mutanen Suffa a nan suke kwana, sahabbai na ɗaukarsu ɗaya-ɗaya, biyu-biyu zuwa cin abinci. Buhari ya kawo labarin wata baiwar Allah da aka yi wa ƙazafin sata a wurin mutanen da take zaune da su, gaskiyarta ta bayyana, ta zo Madina ta musulunta, aka bar ta da ɗan ƙaramin ɗaki a cikin masallaci. Alƙali Abu Yusuf, a littafin da ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid kan haraji, ya nemi a ciyar da fursunoni daga baitulmali, a ba su tufafin sanyi da na zafi, kada a bar su suna fita bara cikin sarƙa. Asibitin da Nuruddin ya gina a Dimashƙa a 1154, da wanda Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284, da wakafi aka riƙe su, kuma ana jinyar masu taɓin hankali a cikinsu.

A ƙasar nan ma akwai misali. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta. Maimakon kulle marasa lafiya, sai aka riƙa kama musu hayar ɗaki a gidajen manoman ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowane da ɗan'uwa guda mai zama da shi. Da rana su je karɓar magani, da yamma su koma cikin jama'a. Tsarin ya yi suna a duniya, kuma ginshiƙinsa ɗakin ƙauye ne da ɗan'uwa mai haƙuri, abubuwan da Gozaki ba ta rasa ba. A Sakkwato kuma, hukumar zakka da wakafi ta jihar ta daɗe tana ɗaukar nauyin jinyar masu taɓin hankali da kuma biya wa ɗaurarru bashi.

Akwai kuma hanyar da aka gwada ta zama abin kunya. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fitar da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, da yawansu cikin sarƙa da tabon duka. A watan Oktoba aka sake ganin irin haka a Daura da cikin birnin Katsina. Iyaye ne da kansu suka kai mafi yawan waɗannan mutane, domin ba su ga wani wurin da za su kai su ba. Turu da mari da bulala ba su taɓa warkar da ƙwaƙwalwa ba. Ruƙiyya ta Shari'a gaskiya ce, neman magani a asibiti ma umarni ne na Annabi (SAW), kuma babu karo tsakaninsu. Duk mai ruƙiyyar da ya ce a zubar da maganin likita, ko ya ɗauki dorina da sunan korar aljani, ya sani zai amsa tambaya a kan wannan jiki.

Abin da za mu iya farawa da shi a kakar bana

Gozaki tsohon gari ne mai albarkar ƙasa, kuma yankin Funtuwa da Malumfashi yana cikin wuraren da ke ciyar da Arewa da masara da dawa. Duk manomin da hatsinsa ya kai nisabi, wato wusuƙi biyar ko sa'i 300, ana bin sa ɗaya cikin goma idan noman damina ne, ɗaya cikin ashirin idan da wahalar ban-ruwa ya noma. Mai taɓin hankalin da ba shi da abin hannu yana cikin faƙirai da miskinai, rukunai biyu na farko cikin takwas da Suratut Tauba, aya ta 60, ta lissafa. Rashin iya zuwa ƙofar gida ya yi roƙo bai fitar da shi daga cikinsu ba.

Na farko, kowane masallacin Juma'a ya kafa ƙaramin kwamiti da ya haɗa liman, mai unguwa, ma'aikacin lafiya na garin, da dattijuwa guda saboda al'amarin mata. Su san 'yan garin da ke tsare, su ziyarce su, su kuma san ranar fitowarsu tun kafin ta zo, domin a je a tarbo mutum a bakin ƙofa.

Na biyu, a tanadi ɗaki kafin ya iso. Gidansu ne ya fi cancanta, kuma aikin liman da dagaci ne su zauna da dangi su sasanta. Inda hakan ya faskara, a kama masa hayar shago kusa da mutumin kirki. A nan a kiyaye hukunci: zakka ana mallaka wa mabukaci ne, ba a gina gida da ita. Abinci da tufafi da kuɗin magani su fito daga zakka, a miƙa ta hannun majiɓincinsa. Gini kuwa ya fito daga wakafi da sadaka. Wanda ke shirin ƙara wa masallaci hasumiya ya duba ko ɗakuna biyu a gefen masallacin ba su fi zama sadaka mai gudana ba. Mace kuma a sa ta a hannun mata amintattu, cikin gida.

Na uku, a ba kowane ɗaya majiɓinci sananne, mutum guda da sunansa. Shi zai riƙe katin asibiti, ya tabbatar an sha magani, ya tuna ranar zuwa gaban jami'i, ya tsare masa gonarsa da kuɗinsa da shaidu. Abin da aka bar wa kowa, ba mai yin sa.

Na huɗu, kada magani ya yanke. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutane sama da miliyan 200, kuma zuwa asibitin Barnawa a Kaduna, ko Dawanau a Kano, ko asibitin koyarwa na Shika a Zariya, tafiyar wuni ce da kuɗin motar mutum biyu. Kwamiti ya ware wannan kuɗi. Wasu cututtukan ma akwai allurar da ake yi musu bayan 'yan makonni a maimakon ƙwayar kullum, sai a tambayi likita ko ta dace.

Na biyar, a ba shi aikin da zai iya: kiwon tumaki, ɓarar masara, sharar masallaci, gadin rumbu tare da wani. A biya shi cikakken haƙƙinsa. Sa mai raunin fahimta aikin wuni a sallame shi da ƙwaryar fura zalunci ne, ko da bai san an zalunce shi ba.

Wani zai ce: wannan fa ya cutar da mutane, muna tsoron ya sake. Tsoron yana da hujja, kuma Shari'a ba ta watsar da haƙƙin wanda aka cuta ba, domin ɓarnar da mahaukaci ya yi wa dukiyar wani ana biya daga dukiyarsa duk da cewa babu zunubi a kansa. Wanda ciwonsa ya kai ga barazana ga rayuka, asibiti ne wurinsa har likita ya sallame shi. Amma mafi yawansu su ake cutarwa fiye da yadda suke cutarwa. Kuma a auna da hankali: tsakanin wanda ya ƙoshi, ya sha magani, ake sanin inda ya kwana, da wanda aka kora yana gararamba da yunwa, wanne ya fi zama haɗari ga 'ya'yanmu?

Gwamnati ma tana da nata kason. Muna kira ga Gwamnatin Jihar Katsina da Hukumar Gyaran Hali da kada a sallami mai taɓin hankali sai da takardar likita, da maganin da zai kai shi aƙalla wata guda, da sanar da hakimi ko dagacin garinsu. Tun 1991 manufar ƙasa ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitoci, don haka a horar da ma'aikatan Kafur da Malumfashi da Funtuwa, a kuma ajiye magungunan a kusa. Masu biyan tara cikin Ramadan su ma su ware wani kaso don watannin da ke biyo bayan saki. Ɗalibanmu masu karatun fiƙihu da shari'a da aikin jinya kuwa, ga fagen da iliminku zai yi amfani tun kafin ku karɓi takardar shaida.

Hankalin da muke taƙama da shi aro ne, zazzaɓi ɗaya ko haɗarin babur ɗaya na iya tafiya da shi. Kafin a rufe rumbunan bana, kowane liman da mai unguwa ya tambayi jama'arsa: mutanenmu nawa ne ke tsare, wane ne a cikinsu ba shi da cikakken hankali, kuma a wane ɗaki zai kwana ranar da ya dawo?

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kuɓutar da waɗanda ke tsare bisa zalunci, Ya bar mu da hankulanmu har ƙarshen rayuwarmu. Amin.